Abin da ƙarafan da na karya suka koya mini game da makullin difarenshal

Ina yaron gareji na ga abin da ya fara ɗaure mini kai a wannan sana'a. Mota mai fowil, wato mai ja da ƙafa huɗu, inji lafiya lau, tayoyi sababbi, ta tsaya cak a bakin wani ɗan kwazazzabo da ko akuya ba za ta yi wa kallo biyu ba. Babu taɓo, babu rairayi. Ƙafar gaba ta dama tana lilo a iska, ta baya ta hagu ta ɗan ɗaga tana tonon ƙura, sauran biyun da suka taka ƙasa sosai kuwa ko motsi ba sa yi. Direba sai ba ta wuta yake yi. Maigidana ya tsuguna, ya nuna ƙarƙashin motar da sifanar hannunsa, ya ce, "Yaro, ƙafa nawa ke jan motar nan?" Na ce huɗu, tunda haka aka rubuta a jikinta. Ya ce in sake ƙirgawa.

Idan mota za ta sha kwana, ƙafar waje tana cin tafiya fiye da ta ciki. Saboda haka aka sa difarenshal a tsakiyar aksil, wasu ƙananan giyoyi da ke barin kowace ƙafa ta juya da gudunta, amma suna raba musu ƙarfin murɗawa daidai wa daida. A kan kwalta wannan adalci alheri ne. A daji shi ne masifar. Ƙafar da ke iska ba ta buƙatar wani ƙarfi kafin ta juya, ɗan abin da ta karɓa kuma shi za a auna wa 'yar'uwarta da ke ƙasa, ba ƙari. Fowil ɗin yawancin motocin daji gaba da baya kawai yake haɗawa, babu ruwansa da hagu da dama. Makulli, wanda kanikawa ke cewa loka, shi ne ke ɗaure shaf na hagu da na dama, wato sandunan ƙarfen da ke juya ƙafafun, su zama sanda guda, ko ƙafa tana iska ko tana ƙasa.

Daga ranar na yanke hukunci irin na yaro: kowace motar daji a sa mata makulli gaba da baya, kuma mafi ƙarfin da ake sayarwa. Shekaru na yi ina warware wannan hukunci.

Na farko da ya fara karya mini gwiwa shi ne makulli mai kulle kansa. Babban wannan dangi shi ne Detroit Locker, wanda asalinsa ya koma shekarun 1940 a Amurka da sunan NoSPIN, yanzu kuma yana hannun kamfanin Eaton. Akwai ƙannensa irin su Lock-Right da Aussie Locker da Spartan, waɗanda ƙananan giyoyin kawai ake cirewa a zura su a gurbinsu, ba sai an sake saita babbar giya ba. Babu waya, babu tiyo, babu makunni. Muddin ƙafarka na kan totur a kulle yake, idan aka zo kwana kuma sai ya saki ƙafar waje ta wuce da gudunta, ka ji yana ƙas-ƙas-ƙas. Ga bakanike abin son ne, domin abin lalacewa a jikinsa kaɗan ne.

Na sa irinsa a bayan wata gajeriyar mota mai giyar hannu, ta wata ma'aikata da direbobi da yawa ke karɓa-karɓa a kanta. Sau uku aka dawo mini da ita wai aksil ya karye. Duk canjin giya sai motar ta ɗan yi fizga gefe. A kwana idan an taka totur, tayar ciki ta yi ƙara tana goge ƙasa. Taya ɗaya ta ɗan rage iska, motar ta fara ja gefe guda. Ni kuma ina ta yi musu bayani cewa haka abin yake, su saba. Sai ranar da aka yi ruwa, wani sabon direba ya taka wuta a shataletale, bayan motar ya zame ya juyo da ita tana kallon inda ta fito. Allah ya kiyaye, ba wanda ya ji ciwo. Ƙarfen bai yi laifi ba, abin da aka ƙera shi ya yi shi ya yi. Ni ne na ɗauki motar da kusan duk rayuwarta a kan titi take, na sa mata kayan hawan dutse, na miƙa wa mutanen da ba wanda ya gaya musu halinta. Daga baya na sa irin wannan makulli a doguwar mota mai nauyi, mai giyar otomatik, mai direba ɗaya da ya san abin da ke ƙarƙashinsa, kuma bai taɓa dawo da ƙorafi ba.

Tun daga nan, idan mutum ya zo yana tambayar wane makulli ya fi, ba na fara buɗe littafin kaya. Tambayarsa nake yi wa ke tuƙa motar, su nawa ne, kuma a cikin kwana goma kwana nawa take yi a daji. Mutane da yawa sai sun yi shiru sun ƙirga, sannan su ce ɗaya.

Ga irin wannan mota, makullin da direba ke kunnawa da kashewa ya fi dacewa, domin a kashe motar tana nan kamar yadda ta fito daga kamfani. Akwai na iska, wanda ARB na Ostareliya ya yi suna da shi tun 1987. Akwai na lantarki irin ELocker na Eaton, da na wayar ja irin OX. Wasu motocin ma da nasu suke zuwa: Mercedes G tana da makullai uku, na tsakiya da na baya da na gaba, ana samun Land Cruiser 70 da 80 masu na gaba da na baya, Jeep Wrangler Rubicon kuma tun fitowarta a 2003 da su ta zo. A nan ne nake yawan gyara wa mutane zance. Tsohuwar Land Rover Defender tana da makulli, amma na tsakiya ne kaɗai, mai haɗa gaba da baya. Mai ita zai rantse motarsa a kulle take, alhali a kwazazzabon can na farko tsayawa za ta yi kamar kowa.

Kanikawa suna son gardamar iska da lantarki, ni kuwa na daina shiga. Kowanne yana da halinsa. Na iska yana kamawa nan take, kuma kwamfuresarsa, idan babba aka sa, tana hura taya, wanda ba ƙaramin amfani ba ne. Na lantarki ba shi da tiyo ba shi da kwamfuresa, sai dai wasu nau'o'insa sai taya ta ɗan juya kafin su kama, kuma sukan ɗan saki na ƙiftawar ido idan an koma ribas. A hanyar taɓo ba za ka lura ba, a kan dutse za ka lura. Amma yawancin waɗanda aka kawo mini wai sun lalace, hannun wanda ya ɗaura ne ya kashe su. Ni kaina na taɓa tsinke 'yar robar da ke riƙe iska a ciki, saboda gaggawa, ban kuma gwada da iska ba kafin in rufe. Bayan 'yan kwanaki mai motar ya dawo, kwamfuresa tana ta tashi tana mutuwa ita kaɗai, cikin mota yana warin man giya. Sai da na sake sauke komai, a kan robar da ba ta fi zobe girma ba. Haka tiyon da aka bi da shi kusa da salansa, ko wayar da aka bari tana reto inda reshe zai fizge ta.

Matsalar makulli mai makunni ita ce duk nauyin ya koma kan direba. Wani zai kunna shi taya tana cikin juyi da gudu, haƙora su gwabza. Wani zai fita daga taɓo ya manta, ya hau kwalta aksil a ɗaure. Toyota ta rubuta a littafin motocinta cewa kada a wuce kilomita 8 a awa idan makulli yana kulle, amma wa ke karanta littafin? Shi ya sa idan ina haɗa wayoyin nake yin yadda kamfanoni ke yi, na gaba ba zai kama ba sai na baya ya riga shi, kuma ina sa fitila mai haske inda ido ba zai kauce mata ba.

Darasin da ya fi tsaya mini a rai na makullin gaba ne. Wani ya kawo mota da ya riga ya sa mata taya inci 35, yana son a kulle ta gaba da baya. Na yi masa, muka fita gwaji tare. A wani hawa mai duwatsu ya murɗe sitiyari har ƙarshe, ya ba ta wuta, ƙafar gaba ta yi tsalle tana juyi, ta dawo ta cafki dutse. Ƙarar kamar an harba bindiga. Gaɓar da ke barin ƙafar gaba ta juya tana kuma karkata, wadda ake kira Birfield, ta tarwatse a cikin gidanta.

A daren nan ina wanke gutsattsarin ƙarfen a cikin kananzir na gane abin da maigidana bai faɗa mini ba a bakin kwazazzabo. Difarenshal ɗin da nake raina wa, wanda ke zubar da ƙarfi ta ƙafar da ke iska, shi ne ke kare shaf. Da zarar ka kulle shi, duk ƙarfin da giya ta ɗaya da ƙaramar giyar fowil suka ninka zai iya taruwa a kan shaf ɗaya tilo. Babbar taya tana ƙara masa wahala kamar yadda dogon hannun sifana ke karya noti. Gaɓar gaba kuma ba ta da lokacin rauni irin sa'adda sitiyari yake a murɗe. Ni ban ƙara wa motar nan ƙarfin komai ba, hanyar da ƙarfin ke tserewa na toshe, ya nemi wurin da ya fi taushi ya fita ta nan.

Yanzu kafin in yi maganar makulli sai na san shaf ɗin da zai ɗauke shi. Ana ƙirga haƙoran da ke bakinsa. A aksil ɗin kamfanin Dana, shaf ɗin Dana 35 yana da 27, kuma a yawancinsa wani ɗan ƙarfe mai siffar C ne ke riƙe shaf daga ciki, don haka idan ya karye taya tana iya zarewa ta fita da guntun. Dana 44 yana da 30, manyan Dana 60 suna da 35. Tsofaffin Land Rover 10 ne da su kafin a koma 24. Idan shaf siriri ne kuma taya babba, ko dai a canza shaf, ko a rage taya, ko a haƙura. Kuma idan makulli ɗaya za a sa, baya nake sa shi. A hawa nauyin mota baya yake komawa, shaf ɗin baya ba shi da gaɓar karkata, sannan sitiyari yana nan a hannunka. Motar da aka kulle gabanta ba ta son kwana, kana murɗawa tana nufin gaba abinta.

Sai dai kada in yi wa makulli rashin adalci. Direban da ke da shi, mai haƙuri, da ke rarrafawa a hankali, ya fi wanda ba shi da shi tsira da ƙarafansa, domin shi wancan dole sai ya kwaso gudu ya afka wa hawa da fatan Allah ya sa ya wuce.

Akwai kuskuren da sau ɗaya ake yinsa: yin odar kaya da sunan mota kawai. A Dana 44, gidan difarenshal da ke ɗaukar giya mai lissafin juyi 3.73 zuwa ƙasa daban yake da na 3.92 zuwa sama. Motar da ta wuce hannu uku kuwa ba ka san aksil ɗin wa ke ƙarƙashinta ba sai ka buɗe murfi, ka zare shaf, ka ƙirga da idonka. Wajen mayarwa ma sai da agogon awo. A aksil ɗin Toyota mai inci 8, wasan da ake bari tsakanin haƙoran babbar giya da ƙaramar da ke juya ta milimita 0.13 ne zuwa 0.18. Wanda ya saita da jin hannu zai ji kukanta a hanya.

Ita kuwa motar ma'aikatar nan, a ƙarshe ba makulli na sa mata ba. Difarenshal mai rage sulɓi na sa, irin mai murɗaɗɗun giyoyi, dangin Truetrac da Torsen. Ba ya kullewa, ninka wa ƙafar da ta kama ƙasa yake yi a kan abin da mai sulɓin ta samu. Idan ƙafa ta tashi sama gaba ɗaya ba shi da abin ninkawa, sai direba ya ɗan taɓa birki ya ba shi abin kamawa, a sababbin motoci ma kwamfuta ce ke taɓa birkin da kanta. Ga hanyar tsakuwa da laka da rairayi ya wadatar, kuma ba direban da ya san yana wurin. Masu cewa a yi wa giyoyin walda a huta, ina ce musu wannan sai motar da ba za ta sake ganin titi ba.

Wata rana wani ya zo da hotuna a waya, yana son makullin gaba da na baya irin na motar da ya gani. Na zagaya motarsa, tayoyin sun kusa zama sumul. Na ce, "Alhaji, ina take maƙale maka?" Ya ce a rairayi. Na tambaye shi ko yana rage iskar taya kafin ya shiga, ya ce shi bai taɓa ba. Na gaya masa a rairayi da wannan taya, makulli biyu ramuka huɗu za su tona masa maimakon biyu, a gefen tudu mai santsi kuma su zamar da shi ƙasa gaba ɗaya. Na ɗauko masa fasasshiyar gaɓar nan da nake ajiye da ita a kan benci, ya juya ta a hannu ya ajiye. Ya tafi da sababbin tayoyi, da kwamfuresa, da makulli ɗaya a baya, ya ce zai dawo a sa na gaba bayan damina. Damina biyu ke nan, canjin mai kawai ke kawo shi.