Layi ashirin da ke riƙe da famfon sola

Shagonmu yana Mabera, a nan cikin Sakkwato, kuma abin da muke haɗawa shi ne akwatin da ke sarrafa famfon sola, na burtsatse da na ban ruwa. Yawancin masu sayenmu manoman albasa ne na wajajen Kware da Wamakko da Goronyo. Wanda ya buɗe akwatin zai ga koren allo da wayoyi da wani ɗan baƙin cip da bai kai farcen babban yatsa ba. Da yawa a nan idonsu yake tsayawa, su ce ai wannan kowa ma zai iya haɗawa. Allon kam kowa zai iya. Abin da na kashe ƙuruciyata a kansa yana cikin cip ɗin, kuma ido ba ya ganinsa.

Cip ɗin STM32F103 ne, zuciyarsa Cortex-M3 ta kamfanin ARM, gudunsa megahaz 72, ƙwaƙwalwar aikinsa kilobayit 20 kacal. Zuciya ɗaya ce, abu ɗaya take yi a lokaci guda. Mu kuwa ayyuka huɗu muke ɗora mata: ta auna wutar da ke saukowa daga farantan sola, ta daidaita gudun injin famfo, ta lura ko rijiya ta ƙafe, ta kuma tura saƙo zuwa wayar mai gona. Kowane aiki muna ce masa zare.

Duk wanda ya yi karatun zaure ya san yadda ake wannan. Malam ɗaya ne, ɗalibai goma, kowa da littafinsa. Wannan ya ja baki, Malam ya fassara, ya sa alama inda ya tsaya, ya matsa, na gaba ya buɗe nasa. Gobe kowa daga kan alamarsa zai ɗora. To haka cip yake yi da zaruruwa, sai dai shi sau dubu a daƙiƙa ɗaya yake duba ko lokacin wani ya yi. Agogon cikinsa, SysTick, shi ke buga wannan ƙararrawa. Idan alamar zare ɗaya ta goce ko da da kalma ɗaya ce, sai ya dawo ya ɗora daga wurin da ba nasa ba, injin ya yi ta juyawa a busasshiyar rijiya har ya ƙone.

Wurin sa alamar nan ba ya rubutuwa da harshen C da aka saba rubuta manhajar cip da shi. Dole a sauka zuwa asembili, wato harshen umarnin cip ɗin kansa, a yi magana kai tsaye da rijistocin cip, ƙananan ma'ajiyan da yake riƙe lambobin da yake aiki da su, domin su ne abin da ke cikin kansa a wannan lokacin. Idan katsewa ta zo, wato sigina irin ƙararrawar nan da ke sa cip ya dakatar da abin da yake yi, cip ɗin da kansa yake kwashe rijista takwas ya jibge su a sitak, wato wurin ajiya a ƙwaƙwalwa, na zaren da ke aiki: R0 zuwa R3, da R12, da LR, da PC, da xPSR. Bayit 32 ke nan, cikin bugu 12 na agogo. Sauran takwas, R4 zuwa R11, ya bar maka. Kai za ka karanto PSP, wato manunin sitak na zaren, ka sauke su a kai da umarnin STMDB, ka adana manunin a wurin da ake ajiye bayanan zaren, ka ɗauko manunin zare na gaba, ka kwaso nasa rijistocin da LDMIA, ka mayar da PSP, ka fita da BX LR. Cip ya kwashe sauran takwas ɗin da kansa, sai ga wani zare yana tafiya kamar ba a taɓa tsayar da shi ba. Duka bai wuce layi ashirin ba. A cikin bugu 72,000 da ke tsakanin ƙararrawa da ƙararrawa, abin da wannan sauyi yake ci bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba.

Ana yin sa ne a cikin katsewar da ake kira PendSV, kuma ana ba ta matsayi mafi ƙasƙanci da gangan, don kada a sauya zare alhali wata katsewa mai gaggawa ba ta gama ba. Na sha karɓar akwatunan wasu da aka kawo mini gyara in tarar ba a saita wannan matsayi ba. Akwatin zai yi wata biyu lafiya, ranar da saƙon waya ya haɗu da awon wuta a lokaci guda sai ya daskare.

Kuma a nan ne takaicina yake. Akwai masu sayen akwatinmu guda ɗaya, su kwafi zanen allon, su jawo manhaja daga intanet su zuba, su sayar a rabin kuɗi. Wani Alhaji daga Illela ya zo da irinsa a hannu, ya ce mini, “Malam, mi yas sa naka yaf fi tsada? Ga shi nan iri ɗaya.” Na ce, “Alhaji, Allah ya ƙara girma, bar shi a nan kwana uku.” Na jona nasa da nawa a rana, cikin akwatin ƙarfe, a zafin watan Afrilu da ake wuce digiri 40. Nasa ya tsaya sau biyu kafin la'asar ta rana ta biyu. Ya sayi nawa, amma sai da muka yi kusan awa ɗaya yana neman ragi.

Ni a kan ATmega328 na koyi wannan aiki, cip ɗin da ke cikin Arduino, ƙaramin allon da masu koyo ke amfani da shi, mai kilobayit 2 na ƙwaƙwalwa. Shi ba ya taimakonka da komai sai adana adireshin komawa. Rijista 32 gare shi, kuma duk da hannunka za ka tura su ɗaya bayan ɗaya, ka haɗa da SREG mai riƙe da sakamakon kwatance. Maigidana da ya koya mini, Allah ya jiƙansa, tsohon mai gyaran rediyo ne da ya koyi kwamfuta da girmansa. Ba ya barin ka taɓa na'ura sai ka zana sitak a takarda, akwati bisa akwati, ka nuna masa da yatsa inda kowace rijista ta kwanta. Ranar da na manta da SREG bai gaya mini ba. Ya bar ni kwana huɗu ina kallon fitila tana ƙiftawa ba bisa ƙa'ida ba, sai da na gano da kaina. Da na zo masa da murna, cewa kawai ya yi, “To, yanzu ka fara.” Har yau haka nake yi wa yarana biyu na shago. Takarda da biro tukuna.

Wani zai ce me ya sa ba za ka ɗauki FreeRTOS ba, manhajar da ke yin wannan sauyin zare, tunda kyauta ce? Ina girmama ta ƙwarai. Richard Barry ya fito da ita a 2003, Amazon ta karɓi ragamarta a 2017, kuma daga karanta asembilinta na fahimci abubuwa da dama. Muna sa ta a manyan ayyuka. Amma ko ita ka ɗauka, ranar da famfo ya tsaya a gonar mutum ana saura mako biyu a cire albasa, sai wanda ya san abin da ke kwance a sitak ne zai iya karanta gawar ya faɗi abin da ya kashe ta.

Aikin da ya fi ba ni wuya shi ne lokacin da muka koma Cortex-M4 mai sashen lissafin ɓurɓushin lamba, don inbata mai girma. Awon batir yakan yi daidai yini guda, sai can ya nuna lambar da ba ta da kan gado, inbata ta kashe kanta. Mako uku ina bin sa. Ashe sashen yana da nasa rijistoci 32. Cip yana kula da S0 zuwa S15, amma S16 zuwa S31 nauyinka ne, kuma bit mai lamba 4 a cikin rijistar LR shi ke gaya maka ko zaren ya taɓa sashen ko bai taɓa ba. Layi kaɗan na ƙara, matsalar ta mutu. Duk inbatocin da suka riga suka fita na bi su gida gida na sabunta, ban karɓi ko kwabo ba.

Sai kuma masu kawo kaya. Tun ƙarancin cip na 2021 jabu ya cika kasuwa. A goge sunan wani cip a buga na STM32 a kai, a aiko maka daga Legas ko daga waje a farashin na asali. Na gaskiyar an yi shi ya jure har digiri 85, na jabun kuwa sai dai ka gwada ka gani. Wani dila ya taɓa aiko mini da guda ɗari, fiye da rabi lambar shaidarsu ta ciki ba ta dace ba, da na kira shi ya rantse mini cewa duk ɗaya ne. Yanzu ba cip ɗin da ke hawa allonmu sai mun karanta lambarsa.

Kafin akwati ya bar shago muna cika sitak na kowane zare da lambar 0xA5, mu bar shi yana aiki kwana uku a kan rufin kwano, sannan mu duba iya inda zaren ya cinye. Wanda ya matso kusa da bakinsa sai a ƙara masa wuri. Akwai guda shida a kan rufin yanzu haka, na wata ƙungiyar manoma ce daga Goronyo, ranar Asabar za su zo ɗauka.