Yadda siguro ta sa na wuni ina jiran mai gyaran famfo a Manila

Kafin in tafi karatu Manila, babban birnin Philippines, na ɗan taɓa koyon Sifaniyanci a waya, ba don komai ba sai son ƙwallon La Liga. To satin farko da na shiga jeepney, motar hayarsu mai kama da doguwar a-kori-kura, sai na ji wata mata ta ce "para po" direba ya taka birki, na ce kai, wannan ai para ɗin Sifen ce, tsaya. Daga ranar na sayi ɗan littafi ina rubuta duk kalmar da na gane. Mesa tebur, silya kujera, kutsara cokali, sapatos takalmi, bintana taga, har gaisuwarsu kumusta daga como esta take. Na ce ashe yaren nan nasu na Tagalog banza ne na samu.

Ba abin mamaki bane in ka duba tarihi, Legazpi, jagoran Sifaniyawa, ya sauka tsibirin Cebu a 1565, suka kama Manila a 1571, ba su saki ƙasar ba sai 1898 da Amurka ta karɓe ta kan dala miliyan 20. Shekara 333 kenan fa. Har sunayen dangi na Sifen da yawa sun bazu ne bayan dokar gwamna Claveria ta 1849 da ta tilasta kowane gida ya ɗauki sunan dangi.

Inda na fara shan wuya kasuwar Divisoria ce. Na haddace isa, dalawa, tatlo, wato ɗaya biyu uku na Tagalog, tsaf ina ta ƙafafa, na tambayi kuɗin riga mai shagon ta ce singkuwenta, wai 50. Ashe kuɗi da agogo da lambar Sifen ake yi, ƙarfe biyu alas dos ne, amma in kana ƙirga ƙwai ko yara sai ka koma isa dalawa, matasa kuma kawai su faɗa maka da Turanci su huta.

Babbar kunyar dai ita ce ta famfo. Ya lalace a ɗakina, na kira mai gyara na ce gobe za ka zo? Ya ce siguro. A Sifaniyanci seguro tabbas ne, don haka na fasa zuwa lacca na zauna tun safe har magariba da bokiti a ƙarƙashin famfon. Maƙwabcina ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce siguro a wurinsu wataƙila ce, in mutum na nufin tabbas sigurado zai ce. Haka siyempre, can tana nufin kullum, nan kuma ta koma "ai dole mana". Tun daga nan na daina yarda da kalma don kawai na san kakanta, sai na ji yadda ake amfani da ita sau uku ko huɗu. Kuma aikatau ɗinsu da ƴan gaɓoɓin da ake liƙa musu, su mag- da -um- da -in, na Tagalog ne zalla, Sifaniyancina bai tsinana min komai ba a can.

Sauran aron a hankali na gano su. Kuya da ate, wato yaya namiji da yaya mace, daga Sinawan Hokkien suka zo, haka pansit da lumpia. Kamote da tiyangge daga Meziko, ta jiragen ruwan da suka yi ta zirga-zirga tsakanin Manila da Acapulco har 1815. Wanda ya fi min daɗi a kusa da masallacin Quiapo na ji shi bayan Juma'a, wani dattijo ya ce alƙali hukom suke ce masa, na ce Baba ai mu ma hukunci muke cewa, salamat ɗinku ma salamarmu ce, Larabci ne ya biyo ta Malay ya same ku, mu kuma ya biyo ta Sahara. Sabulu kuwa sabon suke ce masa, har yau in na gani a jikin kwali sai in ji kamar in tambaya sabon me.