Abin da na ƙaru da shi a zauren malamai na WhatsApp

Bitar da ake kiran malamai jefi-jefi take zuwa. Sai a shekara biyu ko uku sunan mutum bai fito ba, in ma ya fito, kwana uku ne a ɗakin taro, a raba takardu da kuɗin mota, kowa ya kama gabansa. Ni malamin kimiyya ne a ƙaramar sakandare, kuma tun da na gama NCE, wato karatun shaidar malanta, yawancin dabarun da nake shiga aji da su a waya na same su, daga bakin 'yan'uwana malamai.

Abin ya kankama a watan Maris na 2020, lokacin da korona ta sa aka rufe makarantu. Jihohi irin su Kano da Kaduna suka koma ba da darasi ta rediyo da talabijin, mu kuma muka yi ta buɗe zauruka. A lokacin mutum 256 zaure ke ɗauka, a 2022 aka kai shi 1,024. Sai dai na lura duk zauren da ya cika ya batse, karatu kan yi ƙaura daga cikinsa. Barka da Juma'a, sanarwar rasuwa, "an fara jin alat?", tsofaffin tambayoyin jarrabawar TRCN (hukumar yi wa malamai rajista), sai tallan ɗaukar aiki na bogi. Ba na ganin laifin mai tambayar albashi, iyali gare shi, amma tambayar darasi in ta faɗa cikin wannan hayaniya ba mai ganinta.

Zauren da ya amfane ni ƙarami ne, na malaman kimiyya zalla, da ƙa'ida guda: in ka karɓi shawara, ka dawo ka faɗi yadda ta kaya a aji. Wata malama ta taɓa tambayar yadda za ta koyar da zagayen wutar lantarki a makarantar da ba ɗakin gwaji. Wani dattijo da ya kusa ritaya ya aiko da saƙon murya: "Malama, kada ki damu. Ki sa yara su zo da batirin tocila, da ƙwan tsohuwar tocila, da wayar rediyon da ya lalace. Kowane benci ya haɗa nasa." Da mako ya zagayo ta dawo tana cewa, "Baba Malam, rabin ajin wutarsu ta ƙi kawowa." Nan aka yi ta muhawara har aka gano ƙwayayen tocilar yanzu LED ne, irin waɗanda wuta ke bi ta gefe ɗaya kawai, in aka juya ƙafafunsu ba sa kamawa, kuma batir ɗaya mai bolt 1.5 ba ya isar farin ƙwai, sai an jera biyu. Da na zo wannan darasin, da gangan na bar ɗalibaina suka juya ƙafar, suka nemo dalili da kansu. Ban taɓa jin an kawo wannan a wata bita ba, domin sai wanda ya gwada a gaban yara yake cin karo da shi.

A zauren ne kuma na san PhET, manhajar gwaje-gwajen kimiyya ta Jami'ar Colorado a Amurka, wadda masanin kimiyya Carl Wieman ya kafa a 2002. Kyauta ce, kuma ana iya sauke gwaji a yi amfani da shi ba intanet. Nakan sauke cikin dare, lokacin da data ke araha. Amma waya ɗaya ce a aji mai yara sama da tamanin, dole benci-benci nake bi da ita, sauran suna zana abin da suke hasashen zai faru. Yawancin bidiyon YouTube an yi su ne don ajin da ke da majigi da wuta, sai ka sake musu fasali kafin su yi maka aiki.

Abu biyu na tsaya a kansu yanzu. Ba na kai wa yara bayanin da aka turo sai na auna shi da littafi da manhajar karatu ta NERDC, hukumar da ke tsara abin da ake koyarwa a makarantu, don kuskure na yawo a waya da sauri. Kuma ba na tura hoton fuskar ɗalibi, ko da aikinsa ya burge ni, sai dai hannunsa da abin da ya haɗa.