Talata mai zafi a Agege, ni da zomayen Auta

An ɗauke wuta tun kafin kiran asalatu, fanka ta tsaya cak, daga nan na san yinin yau a kan zomayen nan zai ƙare. Zafin Maris a Legas ba irin na gida ba ne da iska ke busar wa mutum da gumi. Nan danshi ne ke manne wa jiki. Mu dai muna gumi mu ɗan sarara, shi zomo ta kunnuwansa yake fitar da zafi, kuma da zarar ma'aunin zafi ya doshi digiri 30 to ransa na cikin haɗari.

Da na idar da salla na leƙa ƙarƙashin kejin, don kashinsu nake fara dubawa kafin su kansu. Alhamdu lillahi, ga shi nan birjik, busasshe, ƙwayoyin duk girma ɗaya. Ranar da ya ragu ko ya ƙanƙance, ciki ya fara tsayawa ke nan. Zomo ba ya amai, kuma in ya yi awa 12 bai ci ba bai yi kashi ba, sai a nufi likitan dabbobi. Abin da ke ba ni tausayi shi ne ba ya kuka. Akuya in yunwa ta kama ta sai unguwa ta sani, shi kuwa zai lafe a kusurwa yana fama da ciwonsa shiru.

Auta ya so ya fice makaranta bai wanke kwanon ruwansu ba. Na dawo da shi daga bakin ƙofa. Shi ya yi ta kuka sai an saya masa, kuma ya san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ba ta abinci ba, ba ta sake ta ta nema ba. Ya wanke yana ƙunƙuni, amma ya wanke tas.

Da hantsi na hau Keke Napep zuwa wajen masu tumaki ta gefen Oko-Oba neman harawa. Dattijon ya ce, "Hajiya, rago aka samu ne?" Na ce, "A'a Baba, zomaye ne." Ya yi dariya ya ce zomo ai dusa da karas sun ishe shi. Haka yawancinmu muka ɗauka, kuma haka ake kashe su. Haƙoran zomo ba sa daina tsiro, wajen milimita 2 zuwa 3 suke ƙaruwa a mako, tauna ciyawa ce ke goge su. In babu ita sai haƙorin ya soke kumatu, zomo ya fara dalalar da miyau ya bar cin abinci. Karas kuwa zaƙi ne da shi, ɗan yanki ake ba su, ganyensa ma ya fi amfani. Na zaro harawar daga tsakiyar dami na shinshina, domin danshin garin nan ba ya jimawa yake sa mata fumfuna. Kaɗan na saya, gara in dawo. Ciyawar bakin titi kam ba na kusantarta, ga hayaƙin mota ga ruwan kwata.

Bayan azahar zafi ya kai intaha. Na tarar da macen ta miƙe sambal a jikin waya, hancinta na karkarwa da sauri, jijiyoyin kunnenta sun fito ja-ja-wur, haske na ratsa su. Gabana ya faɗi. Na aika aka sayo ƙanƙara wajen mai ruwan sanyi, na zuba a gorar roba, na naɗe da tsohon ɗankwali na ajiye a gefenta. Na jiƙa hannu da ruwan randa na shafa mata bayan kunnuwa a hankali. Ba a yi wa zomo wanka, firgita da sanyin na iya kashe shi. Can sai ta matso ta jingina da gorar, numfashin ya fara lafawa. Da la'asar ta ja harawa ta hau tauna, sai a lokacin na iya cin abincin rana.

Maman 'yan biyu ta shigo da yaranta kallon zomaye. Kafin in ankara ƙaramin ya kai hannu kunnen namijin. Na ce, "Kai ɗana, ba a ɗaukarsa ta nan, da zafi." Na nuna masa: hannu ɗaya ƙarƙashin ƙirji, ɗaya ya tallafi gindi, a rungume shi a jiki. In ya yi shuri a iska ƙashin bayansa na iya karyewa. Ita kuma ta hango ɓawon da ya fito a kunnensa, ta ce tana da sauran amoxicillin na yara, in ɗiga masa a baki. Na ce, "Na gode Maman 'yan biyu, amma wannan maganin guba ne ga zomo." Yana kashe ƙwayoyin da ke narkar masa da abinci a hanji. Ɓawon kunne irin wannan galibi wasu ƙananan ƙwari ne ke kawo shi, ivermectin ake yi musu, shi ma likita ne zai auna daidai nauyinsa. Da zuciya ɗaya ta yi tayin, na sani.

Da dare muka tattauna da Baban Auta. Zomayen sun kusa wata 4, lokacin da za su fara barbara. Shi yana ganin a bar su su hayayyafa. Na ce cikin zomo wajen kwana 31 ne, kuma ranar da ta haihu tana iya ɗaukar wani. A ɗaki biyu da baranda ina za mu sa su, ga ɓerayen Legas da ke cinye jarirai? Ya yi shiru, sannan ya kira kafinta. Zai zo Alhamis ya raba kejin biyu, ya shimfiɗa katako a kan wayar ƙasa saboda tafin ƙafarsu. Namijin kuma gobe da sassafe zan kai shi asibitin dabbobi, kafin rana ta ɗaga.