Abin da na koya a aikin shigar da RISC-V cikin Debian

A 2022 na sa hannu a aikin, lokacin riscv64, wato nau'in RISC-V mai bit 64, bai zama ɗan gida a Debian ba (Debian tsarin Linux ne na tafiyar da kwamfuta), yana can a debian-ports inda ake renon sababbin nau'o'in masarrafa, wato processor. Abin da ya ja hankalina shi ne tsarin RISC-V, wanda aka fara a jami'ar Berkeley ta Amurka a 2010, a buɗe yake: kowa na iya ƙera masarrafarsa ba tare da biyan kuɗin lasisi ba.

Ba ni da injin na gaske, sai QEMU da ke sa kwamfutata ta kwaikwayi RISC-V. Manhajar da ake harhaɗawa (a mayar da rubutunta zuwa yaren inji) cikin minti goma a kwamfuta ta yau da kullum, a nan sai in kunna ta bayan isha'i, in tashi da asuba in tarar tana ta fama.

Kunshin manhaja na farko da na ɗauka ya ƙi haɗuwa, yana ta kukan bai ga wani aiki mai suna `__atomic_exchange_1` ba. Kwana uku ina zargin kwamfutata. Ashe a lokacin GCC, manhajar da ke harhaɗawar, ba ya iya wannan aiki da kansa a kan bayit ɗaya ko biyu a RISC-V, sai an jawo masa libatomic, wata taskar lambobi da ke ɗauke da aikin. Sai a GCC 13 aka toshe wannan giɓi. Gyaran layi ɗaya ne, na yi shi a kunshin Debian kawai, ban aika wa masu manhajar na asali ba. Da suka fitar da sabon zubi suka sauya tsarin harhaɗawa, gyarana ya bi ruwa. Tun daga ranar, su nake fara aika wa.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne gwajin wani kunshi da ke faɗuwa jefi-jefi. Na ɗauka nauyin inji ne, har na rubuta cewa a kashe gwajin. Wani da ya daɗe a aikin ya ce in ƙara masa lokaci tukuna, in maimaita a kan injin gaske da aka ba mu damar shiga daga nesa. Ya sake faɗuwa. Kwaro ne na gaske, wato kuskure a manhajar kanta: manhajar ta dogara da yadda x86, masarrafar kwamfutocin da aka saba da su, ke kiyaye jerin rubutu a ƙwaƙwalwa, alhali RISC-V yana da sassauci a nan, sai ka kafa masa shinge da kanka. Shekaru kwaron yana kwance ba wanda ya lura. Da na kashe gwajin nan, da na binne shi da hannuna.

A Yulin 2023 Debian ta karɓi riscv64 a hukumance, aka sake harhaɗa kunsoshin daga tushe. Debian 13 ta fito da shi ranar 9 ga Agusta, 2025. A makon na ɗora ta a ɗan allon RISC-V da na saya, kuma kunshin nan mai kwaro shi na fara saukewa.