Bangon titin kasuwarmu ya yi sabuwar riga

Jama'a, ku leƙa babban titin kasuwar unguwarmu ku ga dogon bangon nan da takardun talla suka cinye. Albarkacin bikin zagayowar ranar buɗe titin, an zane shi kaf.

Ni ma na sa hannu, kuma wallahi aikin ya wuce shafa fenti. Sai da aka kankare bangon, aka toshe tsagu, aka yi shafen fari. Sannan mai zanen ta raba hoton gida-gida a takarda, ta ja irin layukan a bango, kowa aka ba shi gidansa da lambar kalarsa. Da haka yaro da tsoho suka haɗa hoto ɗaya. Daga ƙarshe aka bi shi da man kariya saboda rana da ruwa.

Fuskokin kuwa daga tsofaffin hotunan masu shaguna aka kwaso su. Na ji daɗi da ba a cika shi da manya ba: ga tela, ga mai gyaran takalmi, ga mai shara. Ƙorafina ɗaya, an matse mata a lungu guda, alhali su ma sun daɗe suna kasuwanci a titin.