Na Je Gidan Su Dogon Yaro

Da sassafe jirgin ƙasa ya ɗauke mu daga Delhi ta ƙasar Indiya, kafin azahar muna birnin Jaipur. Tun daga garin Alwar da ke kan hanya na kasa ɗauke idona daga taga, domin bishiyar da na taso ina ɗauka tamu ce, ita ce jere a bakin gonaki: dogon yaro, wato darbejiya. Ashe nan ne gidan ubanta. Su "nim" suke ce mata.

Washegari abokin tafiyata, da yake yana jin Hindi, ya kai ni wani ƙauye wurin tsohon mai magani, irin waɗanda suke kira baidya. Muka tarar da shi yana tauna ɗanyen reshe mai kaurin ɗan yatsa, bakin ya yi laushi kamar buroshi. Ya karyo ɗaya ya miƙo mini. Ɗacin ya kai har maƙogwaro, amma bakina ya wuni garau.

Na ce, "Baba, me da me take yi?"

Ganyen, in ji shi, ana tafasawa a yi wa mai ƙaiƙayi da ƙuraje wanka, ɗanyen kuma a shimfiɗa wa yaro mai ƙarambau. Busasshe a zuba cikin hatsi da akwatin tufafi saboda ƙwari. Ɓawon na zazzaɓi ne. Sai ya buɗe kwalbar man 'ya'yanta, baƙi-baƙi, mai wari kamar ruɓaɓɓiyar tafarnuwa, na kwarkwata da ƙazwa. Nan fuskarsa ta canja. Ya riƙe hannuna ya ce, "Ɗana, wannan na shafawa ne. Kada a kuskura a ɗura wa jariri." Likitoci ma haka suke faɗa: yana jawo amai da jijjiga, har ya kai ga rasa rai. Wallahi wannan kashedin ne ya sa na amince da tsohon, don mai neman kuɗi ba ya faɗin aibin hajarsa.

A mota abokina ya ba ni labarin da ya sosa mini rai. A 1994 ofishin rajistar ƙirƙira na Turai ya bai wa kamfanin W.R. Grace da ma'aikatar gona ta Amurka haƙƙin mallakar wata hanyar kashe cutar shuka da man nim. Indiyawa da magoya bayansu suka ƙi yarda, suka kawo shaidar cewa manomansu sun daɗe suna yin haka. Aka soke rajistar a 2000, ɗaukaka ƙara ma ta faɗi a 2005.

Na lalubi aljihuna, na ciro ragowar reshen da Baba ya ba ni, na ci gaba da taunawa har muka shiga Jaipur.